Ranar Da Kwamfutarmu Ta Yi Kiki-Kaka

 Sa'ad da Malamin Hausa ya ce kowa ya kawo abin da za a buga bana, sai na ga babu abin da ya fi cancanta in rubuta kamar wani darasi da na koya a zangon karatu na biyu. Darasi ne da na saya da tsada, gama saura ƙiris ya sa a kira mahaifina daga ƙauyenmu a ƙasar Baure ya zo ya biya kuɗin abin da ban ɓata ba. Ina fata mai karatu zai yi haƙuri ya bi ni sannu a hankali, domin akwai 'yan kalmomin da ba mu saba ji a gida ba, amma zan bayyana kowace idan mun zo kanta.

Kamar yadda kowa ya sani, tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da jarrabawar shiga jami'a a kan takarda, sai da kwamfuta. Da yawa daga cikinmu kuwa daga ƙauyukan Zango da Sandamu da Mai'adua da Baure muka zo, waɗansu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai a nan makaranta. Saboda haka ɗakin kwamfuta ya zama kamar gona ga yayyenmu 'yan aji shida. Kullum da yamma a kan ta da janareta na awa biyu su shiga su gwada amsa tambayoyin shekarun baya. A kusurwar ɗakin akwai wata babbar kwamfuta da mu ke kira Uwa, watau saba. A cikinta dukan tambayoyin su ke, kuma daga gare ta sauran ƙananan su ke ɗauka. Idan Uwa ta tsaya, ɗaki duka ya tsaya.

Ni ɗan aji biyar ne, kuma ni aka ɗora wa sharar ɗakin da kaɗe ƙura. Wata ranar Talata, Malamin Kwamfuta ya tafi Katsina taron bita, sai na soka filashina a jikin Uwa na kwafi darasin kemistare. Ban nemi izini ba, wannan kam laifina ne. Kashegari da yamma ana tsakiyar gwaji sai komai ya tsaya cik. Allo yana haske, fanka tana juyawa, amma ko an danna me ba ta motsi. Aka zare waya aka mayar, ta tashi, bayan kamar rabin awa ta sake cijewa. Haka aka yi har sau uku. Nan da nan wani ya ce ai jiya ya gan ni da filashi. Kafin sallar isha'i labari ya gama ɗakunan kwana cewa na sa wa Uwa bairos. Da safe Mataimakin Shugaban Makaranta ya kira ni ofis ya ce idan ta tabbata ni ne, sai mahaifina ya zo. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskuren taɓa ta, amma ban yi nufin ɓarna ba." Ya ce a jira Malam. A daren nan ban runtsa ba, domin na san ko an sayar da geron da muka noma bana duka, da ƙyar ya sayi irin wannan na'ura.

Ran Alhamis Malam ya dawo, ya tarar kowa da nasa bayani. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce ƙurar hunturu ce ta toshe ta, wani ya ce ƙarfin janareta ne ya yi yawa. Malam ya saurare su duka, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, "Ku 'yan ƙasar Daura ne, amma kun manta labarin rijiyar Kusugu." Ya tuna mana yadda a ke ba da labari cewa da gari ya waye aka ga an kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, mazaje da yawa suka fito kowa yana cewa shi ne. Sarauniya Daurama ba ta yanke hukunci da yawan baki ba, sai ta nemi a kawo kan macijin, kuma a wurin baƙon nan Bayajida aka same shi. Malam ya ce, "To, ni ma kan macijin na ke so. Wannan na'ura tana rubuta abin da ya same ta. Bari mu karanta tukuna kafin mu kama wani." Ya dube ni ya ce, "Kai kuma jawo kujera ka zauna nan, tun da kai a ke zargi."

Kafin in faɗi abin da muka karanta, dole in bayyana abubuwa huɗu kamar yadda Malam ya kwatanta mana su da gida irin namu.

Na farko shi ne faifan ajiya, wanda a ke kira hadis. Shi ne rumbu. Abin da aka zuba a ciki yana nan ko an ɗauke wuta. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda a ke kira RAM. Ita ce tsakar gida. Ba a sussuka ko sheƙa a cikin rumbu, sai an fito da hatsi tsakar gida, haka ita ma kwamfuta ba ta aiki da kome sai ta ɗauko shi daga faifai ta shimfiɗa a RAM. Tsakar gida kuwa ba ta kai rumbu ɗaukar kaya ba, kuma da an kashe wuta duk abin da ke cikinta ya tafi. An yanka ta gida-gida daidai wa daida, kowane yanki ana ce masa shafi, girmansa bait 4,096 a irin kwamfutocinmu. Na uku shi ne tsarin fayil, watau ma'ajin da ke riƙe da mabuɗin rumbu, wanda ya san inda aka ajiye kowane abu. Na huɗu ita ce kanel, zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Ita ce uwargida, mai raba wa kowa wuri a tsakar gida da lokacin yin aikinsa.

Uwa tana aiki da Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta kanel ɗinta a 1991, yana da shekara 21. Kada iyayenmu su ɗauka wani abu ne na nesa. Duk wayar Android da ke aljihunsu wannan kanel ce a cikinta. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, wannan uwargida tana da kundi, kamar littafin da malamin da ke kan aiki ya kan rubuta abin da ya faru a makaranta kowace rana. Duk abin da ta gani wanda ba daidai ba, sai ta rubuta layi ɗaya da lokacinsa. In an buga kalmar dmesg sai a ga na yanzu, na kwanakin baya kuwa a irin tamu yana cikin wani fayil mai suna kern.log.

To, mene ne kiki-kaka? Mu ɗauka mata biyu sun je rijiya, guga ɗaya ne, igiya ma ɗaya. Wannan ta riga ta ɗauki guga, waccan ta ɗauki igiya. Mai guga ta ce ba ta saki sai an ba ta igiya, mai igiya ta ce ba ta saki sai an ba ta guga. Ba wadda ta yi rashin lafiya, rijiya kuma cike ta ke da ruwa, amma har rana ta faɗi ba mai sha, kuma duk wanda ya zo bayansu sai ya hau layi. Haka ayyukan da ke cikin kwamfuta su kan yi, domin kowane aiki ya kan kulle abin da ya ke amfani da shi don kada wani ya dagula masa. Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. Edsger Dijkstra, mutumin ƙasar Holan, ya yi nazarinta tun 1965. A 1971 kuma Edward Coffman da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa ba a yin kiki-kaka sai sharuɗɗa huɗu sun haɗu: abin da a ke nema mutum ɗaya ne kaɗai zai iya riƙe shi a lokaci ɗaya, wanda ya riƙe wani abu yana jiran wani ba tare da ya saki na hannunsa ba, ba a iya ƙwacewa daga hannun mai riƙo, kuma jiran ya zama zobe, wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan. In aka karya ko ɗaya daga cikin huɗun nan, an warware. Misali, da an kafa doka a bakin rijiya cewa kowa igiya zai fara ɗauka kafin guga, da matan nan ba su taɓa cijewa ba.

Akwai wani irin kiki-kaka da a ke tsoro ƙwarai tsakanin ma'aji da uwargida. Ma'aji ya kulle rumbu yana aiki, sai ya bukaci wuri a tsakar gida, ya roƙi uwargida. Ita kuma ta duba ta ga wuri ya cika, hanyar samar masa fili ita ce ta mayar da waɗansu kaya rumbu ko ta kwashe tarkacen da ma'ajin ya baza. Amma yin haka sai da mabuɗi, mabuɗin kuwa yana hannun wanda ke tsaye yana jiran ta. Ga zobe ya rufe. Don gudun haka, masu rubuta Linux suka sa wata alama mai suna GFP_NOFS da ma'aji ke maƙala wa roƙonsa a irin wannan hali. Ma'anarta ita ce, a nemo mini wuri, amma kada a dawo ta kaina wajen nema. Wannan ya toshe ƙofar zoben, sai dai ya rage wa uwargida dabarun samar da fili. A riƙe wannan, domin a nan matsalarmu ta fito.

Yanzu ga yadda muka bi sawu. Da farko Malam ya hana kowa zare waya. Ya ce a ci gaba da gwaji har ta sake cijewa, domin ba a gane cuta bayan an binne majinyaci. Da ta cije sai ya danna Ctrl da Alt da F2 tare, wani baƙin allo ya fito mai rubutu zalla, ya buga dmesg. Muka ga layuka da yawa, waɗansu suna ɗauke da waɗannan kalmomi na Turanci: "blocked for more than 120 seconds". Malam ya ce kanel tana da mai gadi da ke zagayawa, duk aikin da ya gani ya tsaya yana jira har sakan 120, watau minti biyu, ba tare da ya motsa ba, sai ya rubuta sunansa. A ƙarƙashin kowane suna kuma akwai jerin matakan da aikin ya taka har ya iso inda ya maƙale, kamar sawun ƙafa a kan rairayi. Na yi wuf na ce, "Malam, ashe ga masu laifin nan!" Ya ce, "A'a, ɗana. Waɗannan 'yan layi ne. Mai jira ba shi ne mai riƙo ba. Duba sawunsu, ina suka nufa?" Da muka duba sai muka ga sawun yana ƙarewa a ƙofa ɗaya, duk suna jiran mabuɗin wani babban fayil.

Daga nan Malam ya ce mu koma sama, gama a karatun kundi layin farko a ke nema, na ƙarshe kukan makoki ne kawai. Can sama muka tarar da wani layi da ke ta maimaita kansa kusan kowane sakan biyu: "possible memory allocation deadlock". Watau mai yiwuwa an yi kiki-kaka wajen neman wuri a ƙwaƙwalwa. A gaban layin an rubuta XFS, sunan ma'ajin da ke kula da faifan tambayoyinmu. Tsarin fayil ne da aka ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1990, aka kawo shi Linux a 2001, kuma an san shi da iya riƙe manyan fayiloli. Layin ya faɗi sunan aikin da ke roƙo, ya kuma faɗi girman wurin da ya ke nema, wanda ya ɗan haura bait 32,000.

Wannan ya ɗaure mini kai. Na ce, "Malam, ai wannan ɗan wuri ne, ko hoto ɗaya bai kai ba. Yaya za a ce babu?" Ya ce wuri akwai, amma a warwatse. Ma'ajin yana son shafukan su kasance a jere, ba rata tsakaninsu. Kanel kuwa tana ba da wuri ne ninki-ninki, shafi 1, 2, 4, 8, 16, har zuwa sama. Abin da ya haura shafi 8 sai a ba shi 16. Ya buɗe wani fayil mai suna buddyinfo, wanda ke nuna yawan filin da ya rage na kowane girma. A ɓangaren shafi ɗaya da biyu akwai dubbai, amma daga 16 zuwa sama sifili ne ke jere. Kamar a ce ana son shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida, fili yana nan jingim, amma nan turmi, can tukunya, can akurki, babu inda tabarmar za ta miƙe. Ma'aji kuma bai iya fasa aikinsa a tsakiya, sai ya yi ta sake roƙo yana riƙe da mabuɗi, kowa yana bayansa. Uwargida kuwa alamar nan ta hana ta taɓa tarkacensa, alhali shi ne ya fi tare wurin. Shi ya sa aka rubuta "mai yiwuwa", domin zoben bai rufe sarai ba, amma ga mai zaune gaban allo duk ɗaya ne.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa ma'aji ke neman babbar tabarma haka? Malam ya buga filefrag a kan babban fayil ɗin da manhajar gwaji ke zaune a ciki, sai ga shi ya rarrabu gutsure-gutsure fiye da rabin miliyan. Shekara da shekaru ana ƙara masa kaɗan-kaɗan, kowane ƙari yana faɗawa inda ya samu a cikin rumbu. Ma'aji yana bukatar jerin inda kowane gutsure ya ke, jerin kuwa ya yi tsawo har jagorarsa ta wuce shafi 8. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Magani ya zo hawa uku. Na take-yanke shi ne Malam ya ba kanel umurni ta hanyar wani fayil mai suna drop_caches ta kwashe abubuwan da ta ajiye a tsakar gida don sauƙin aiki kawai, waɗanda asalinsu yana nan a rumbu. Abin da wanda ke cikin rikici bai iya yi ba, na waje ya yi. Wallahi kafin in ƙifta ido layin nan ya daina fitowa, allunan yayyenmu suka farfaɗo, ɗaki ya kaure da sowa. Na biyu, ran Asabar ya kwafe kome zuwa wani faifai don tsaro, sa'an nan ya sake jera babban fayil ɗin wuri ɗaya da xfs_fsr. Na uku, ya ce kanel ɗinmu ta 2016 ce, ba a taɓa sabunta ta ba tun da aka kawo na'urar, alhali tun daga Linux 4.15 da ta fito a Janairun 2018 an sake fasalin jerin nan ya zama ƙananan rassa da ba su bukatar babban fili a jere. Da aka yi hutun rabin zango ya sabunta ta. Daga ranar har muka tafi hutu Uwa ba ta sake cijewa ba.

To, ina labarin filashina? Bayan an warware, Malam ya buɗe tsofaffin shafukan kern.log ya nemi ranar da layin nan ya fara bayyana. Sai ga shi tun mako uku kafin Talatar nan, yana fitowa na ɗan lokaci ya ɓace, ba wanda ya lura. Abin da ya tsananta shi ran Laraba shi ne, jarrabawa ta matso, an cika ɗakin maƙil fiye da kullum. Shigar filashina ma tana rubuce, da sa'ar da na soka da sa'ar da na zare, ba wani abu a tsakani. Malam ya buga shafin a takarda ya kai ofis da kansa. Mataimakin Shugaba ya karanta, ya ce babu zancen kiran mahaifina, amma saboda taɓa kayan da ba a ba ni izini ba zan yi yankan ciyawa kwana biyu. Ban taɓa yin horo da farin ciki irin wannan ba. Kundin da ya wanke ni shi ne kuma ya kama ni, gama shi ba ya son kai.

Daga ƙarshe ina da 'yan shawarwari ga 'yan'uwana. Idan kwamfuta ta cije, kada mu yi gaggawar zare waya, domin abin da ke tsakar gida zai salwanta, watakila har da shaidar da a ke bukata, kuma fayil na iya lalacewa. Mu rubuta lokacin da abin ya faru da abin da a ke yi, mu kira malami. In an ba mu dama mu karanta kundi, mu nemi layin farko, mu bambanta mai jira da mai riƙo, mu dubi kwanan wata. Kada kuma wani ya gwada umurnin da na ambata ba tare da malami ba. Ga hukumar makaranta kuwa, ina roƙo cikin ladabi a riƙa duba kundin nan ko sau ɗaya a mako, da an yi haka da an ga gargaɗin tun da wuri, rigakafi kuwa ya fi magani.

Iyayenmu kuma ina roƙonsu su ƙarfafa mana gwiwa a kan wannan ilmi. Mu kan ɗauka iya kwamfuta shi ne iya danne-danne, ashe babban sashensa haƙurin karatu ne da bin sawu, irin wanda makiyayi ke yi in saniyarsa ta ɓace. Ni dai yanzu in na ji ana cewa wane ne ya yi kaza, na kan tuna daren da ban yi barci ba, in ce a kawo kan macijin tukuna. Ina yi wa yayyenmu 'yan aji shida fatan alheri a sakamakonsu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kiyashe mu da zato, amin.